Kuɗin Shanu a Gindin Rumbu

Ranar kasuwar da ta wuce, ina zaune a bakin rumfata a Magarya, sai na ji wata mai awon hatsi tana ce wa wata baƙuwa, "Baiwar Allah, ni fa ba na karɓar naira. Je ki canzo sefa ki dawo." Baƙuwar ta tsaya da leda cike da takardu, tana waige-waige kamar wadda aka kama da abin kunya. Na kira ta na canza mata, tun da sana'ata ce, ta je ta auni tiyarta biyu ta tafi. Amma maganar ba ta sake ni ba har na koma gida. Na tsufa cikin cinikin hatsi da canjin kuɗi, farashin yau ba baƙona ba ne, ba wani sabon labari aka ba ni ba. Kunnena ne dai ya ƙi sabawa. Na ga lokacin da in mutum ya fito da naira a kasuwar nan, mai kaya har gyara zama yake yi. Na ga lokacin da jikka guda ta sefa, wato sefa dubu, ba ta kai naira biyar ba, ga shi yau jikkar nan tana cin naira fiye da dubu biyu. In na faɗa wa jikokina haka sai su yi murmushi, su ɗauka ƙarin gishiri ne irin na tsofaffi.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Dungas, dab da iyaka, har in iska ta juyo muna jin kiran sallar mutanen tsallake. Tsofaffinmu ba su cewa Nijar da Najeriya, sai dai Faranshi da Ingilishi, kuma ba su ɗauki iyakar nan a bakin komai ba, don gonakinmu da nasu kunya ɗaya ce ta raba su. Uwata ma daga can aka auro ta. Mun tashi da kuɗi iri biyu kamar yadda muka tashi da dangi a ɓangare biyu. Na Faranshi shi ne na lanho, wato haraji, da na likita da duk abin da ya shafi hukuma, a dala ake ƙirga shi, sefa biyar dala guda, kuma ba ya daɗewa a hannun talaka. Na Ingilishi shi ne na kasuwa, na atamfa da kananzir da kwanon sha. Ina ƙarami ana cin fam da sule da sisi, da kwabon nan mai huji wanda Inna take zurawa a zare ta rataye a bayan ƙofa. Kuɗi a lokacin yana da murya. In kakar gyaɗa ta yi, tun daga bakin kasuwa kake jin ƙarar ƙarfe a kan faranti, da kukan ma'aunin baskil in an ɗora buhu, da muryar mai awo yana kiran nauyi. Mahauci in ya yi shakkar sule sai ya jefa shi a kan dutse ya kasa kunne. Yau kuɗi ya zama bebe. Wani zai saye maka buhu ɗari, ba ka ga hannunsa ba, sai dai salula ta yi ɗan motsi a aljihu a ce maka an biya.

Babana makiyayi ne da ya zauna ya yi noma, ba manomin da ya tara shanu ba. Ni ne ɗan farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai "kai" ko "wannan". Aikina tun ina iya riƙe igiya shi ne ban ruwa. Kafin rana ta yi zafi muna bakin rijiya, guga yana sauka yana hawa, igiya tana cin tafin hannu har ya yi kanta, shanu suna tura juna a bakin kwami, shi kuwa Baba yana tsaye yana kiran kowace da sunanta, tana ɗago kai. Ba mai yawan magana ba ne. In ya ga na gaji sai ya ce, "Dabba ba ta san jiya ka ba ta ruwa ba." Da rani mu tara musu harawa da karan dawa a kan rumfa, da damina in kora su nesa da shuka. Warin garke da safe, da ɗumin nonon da aka tatso yanzu, da ƙarar shantun Inna, su ne abin da nake fara tunawa in an ce gida. Shanun nan ba gado ya ci ba. Da maraƙa guda ya fara, wadda aka ba shi ladan kiwo yana saurayi, ya bi ta da haƙuri har garke ya cika bayan gida. A cikinsu akwai biyu na Inna, waɗanda suka fito daga saniyar da ubanta ya ba ta.

Na ga sauye-sauyen kuɗi da yawa a rayuwata. Na ga safiyar da aka tashi aka ce an raba darajar sefa biyu, masu butik suka rufe ƙofa don ba su san nawa za su ce ba, ma'aikatan bariki suka riƙe albashinsu suna kallonsa kamar an musanya musu ɗa. Na ga naira tana zamewa shekara bayan shekara kamar gaɓar rijiyar rairayi. Ban daɗe da ganin an sake mata fenti ba, mutane suna kwana a layi. Duk waɗannan sun same ni da rumfata da wayona, wasu na ci riba, wasu na sha ƙasa, ban ɓoye ba. Wanda ya same ni ba ni da komai sai ƙuruciya shi ne nake son in ba da labarinsa.

Wata shekara damina ta yi gardama. Hatsi ya yi rabi, ciyawa kuwa tun kaka ana ganin ƙasa a makiyaya. Baba ya duba ya ga shanunsa ba za su kai wata damina da ƙafafunsu ba. Sai ya yanke shawarar da har yau nake cewa ta mai hankali ce: ya sayar da su tun suna da nama a jiki, ya ajiye kuɗin, in ruwa ya sauka ciyawa ta fito ya sayi wasu. Muka kora su Maigatari, ya sayar, aka biya shi da naira. Wani ɗan canji ya bi mu har bakin kasuwa yana cewa a mayar masa sefa, Baba ya ce a'a, a nan zai dawo ya saya, kuma naira saniya ce da ba ta neman ciyawa. A hanyar komawa igiyoyin kawai ya naɗe ya rataya a kafaɗa. Da muka zo zuba hatsi a rumbu, ya sa kuɗin a tukunya, ya liƙe bakinta da yumɓu saboda gara, ya shiga da kansa ya ajiye ta a can gindi. Ni na riƙa miƙa masa dammuna yana jerawa a kanta har aka ɗora jinka.

Yaran yanzu da suke sayen abinci tiya-tiya ba za su gane abin da rumbun gandu yake nufi ba. Shi ne abincin noma. In an ɗora masa jinka da kaka, ba a sake ɗaga ta sai ruwan shuka ya sauka. Da rani kowa ya ci daga gayaunarsa, ko ya tafi cin rani, ko ya ɗaure ciki. Maigidan da ya buɗe rumbun gandu kafin ruwa ya yi shelar cewa gidansa ya kasa. Kuma jinka ba abar da mutum ɗaya zai ɗaga a ɓoye ba ce, sai an kira maza, gari yana kallo. Wanda zai kai gindin rumbu kuwa sai ya fitar da kowane dami ya shimfiɗa a fili. A shekara irin wannan, da yawancin rumbunan gari iska ce a ciki, duk wanda ya ga hatsinka a fili ya roƙa, ba ka da bakin cewa babu. Shi ya sa Baba ya ga babu wurin da ya fi nan tsaro. Ɓarawo ba ya iya kaiwa, shi kansa ma ba ya iya kaiwa, balle wata bukata ta ruɗe shi.

Ana cikin tsakiyar bazara, zafi ya kai inda ya kai, sai muka ji a rediyon mai shayi cewa sojojin da suka karɓi mulki a Ingilishi sun canza launin takardun naira, sun rufe iyaka, sun ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. Wanda bai kai tsohon kuɗinsa banki ba kafin nan, ya riƙe abinsa. Na bar shayin na nufi gida. Na tarar da Baba a zaure tare da Baffa, wansa, wanda shi ma ya sayar da tumakinsa ya ajiye naira. Na durƙusa na faɗi abin da na ji.

Baba ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Rediyo, Baba."

"Rediyo ya taɓa sayen saniya?"

Baffa ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Ku yaran yanzu, akwati ya yi tari sai ku kama zazzaɓi. Kai, gwamnati ce ta buga kuɗin nan da hatiminta. Ka taɓa ganin uwa ta ƙi ɗanta don rigarsa ta tsufa?"

Baba ya ce, "Lokacin da aka bar fam aka koma naira, kana wasan ƙasa. Sai da na gama sha'anina na kai nawa, aka karɓa, har da sannu da zuwa. Wannan ma haka za a yi. Tashi ka ba jaki ruwa."

Ba wauta ba ce ta sa suka faɗi haka, abin da idonsu ya gani suka faɗa. Canjin farko an yi shi da lalama, sai suka auna na biyu da mudun na farko. Ni kuma ba ilimi ne ya fi nasu ba, ban dai ga na farkon da hankalina ba, shi ya sa tsoro ya sami wurin zama a cikina. Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum na dawo da sabon labari, an kama wane a iyaka da kuɗi a cikin taya, fataken kasuwar Waca sun daina karɓar tsohuwar takarda, Baba sai ya dubi rumbu ya dubi sama. Na gane daga baya cewa tun a kwana na uku ya fara shakka. Jinkar ce ta yi masa nauyi.

Inna ce ta karya abin. Wata safiya ta kawo masa kunu, maimakon ta ajiye ta juya yadda ta saba, sai ta zauna a bakin ƙofa. Ina gyaran danga ina jin su.

Ta ce, "Malam, ina da magana."

"Ina ji."

"A cikin tukunyar nan akwai shanuna biyu. In kai ka yafe naka saboda idon mutane, ni ban yafe nawa ba. Ubana ne ya ba ni."

Ya ture kunun gefe. Can ya ce, "Kin san abin da zai biyo baya in aka ɗaga jinkar nan?"

Ta ce, "Na sani. Hatsi in an ci, ciki ya shiga, na ɗan'uwa ne ko na maƙwabci. Takarda fa, cikin wa za ta shiga?"

Da hantsi aka kira maza aka ɗaga jinka. Abin da Baba ya ji tsoro kuwa bai ɓata lokaci ba. Kafin mu kai rabin rumbu mata sun fara shigowa gaishe da Inna, gaisuwar da ba ta ƙarewa, kowace da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Tsofaffi suka zo suka tsaya a inuwa suna cewa Allah ya ƙara albarka, ba su tafi ba. Baba bai hana kowa ba. Yana tsaye fuskarsa kamar an sassaƙa, yana nuna dami da haɓa, ana ɗauka. Abin da muka mayar cikin rumbu a ranar bai kama ƙafar abin da muka fitar ba. Ya fasa bakin tukunya a ɗaki, ya jera takardun a lalita, ya ɗaura mini a ƙugu da hannunsa, ya ja igiyar har sai da na yi nishi.

Ya ce, "Ka je wurin kawunka ya kai ka banki. Naira ɗaya ka kai, naira ɗaya za ka kawo. Kada ka bar wani ɗan kasuwa ya lasa ko kwabo. Ka ji ni?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Na sa tsohuwar riga, na saɓa gatari kamar mai zuwa sharar gona, na bi ta cikin gonaki da rana tsaka. Na hangi motar sojoji a kan hanya, na duƙa ina saran kututture har ta wuce. Kawu, wan Inna, tela ne a wani gari da ke gaba, mutum mai barkwanci ko a gidan makoki. Da ya gan ni ya ce, "A'a, ɗan Faranshi! Me ya fito da kai, ko dalar taku ta ƙare?" Da na ɗaga riga ya ga lalita, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Sai yanzu? Ina ubanka yake tun da aka fara? Jibi fa ake rufewa."

Washegari muka hau mota zuwa garin da ke da banki. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, ko a idi. Layi ya fito daga ƙofa ya zagaye gini ya bi titi har ya ɓace. Fulani da sandunansu, mata da goyo, 'yan kasuwa da jakunkuna, kowa hannunsa a kan wani wuri na jikinsa. Kawu ya bincika ya dawo ya ce mini ƙaramin kuɗi ne ake canzawa hannu da hannu, mai yawa sai an rubuta an yi rantsuwa a kan inda aka samo shi, ni kuwa ba ni da takardar ƙasar, in na buɗe baki ma za a gane daga inda na fito. Muka shirya zai shiga da sunansa. Muka tsaya tun safe, rana ta dake mu, kafin la'asar aka ce sababbin takardu sun ƙare, sai gobe. Goben ita ce ranar ƙarshe. Muka yi sammako, muka tarar layin ya fi na jiya, don mutane a nan suka kwana. Da rana ta take tsaka na auna tsakaninmu da ƙofa, na auna yadda layin yake motsi, na san ko an ƙara mana yini biyu ba za mu kai ba.

A gefen titi, ƙarƙashin wata bishiyar maina, akwai wani Alhaji zaune a kan darduma da akwatin ƙarfe a gabansa. Mutane suna fita daga layi ɗaya-ɗaya suna zuwa wurinsa, su dawo suna share ido. An ce yana da hanyar shigar da tsohon kuɗi ko ƙofa ta rufe. Na je kusa na tsaya kamar mai neman inuwa.

Ya ce, "Samari, tun jiya nake ganinka riƙe da ciki kamar mai juna biyu. In haihuwa ce, matso a karɓa."

Na ce, "Nawa kake saye, Alhaji?"

"Da safe na sayi goma a bakwai. Yanzu goma a biyar. In aka kira la'asar, ko kyauta ka ba ni sai na yi shawara."

"Wannan ai yanka ne."

"Yanka ne mana, na ce maka aski ne? Amma yanka ya fi mushe."

Na koma wurin Kawu na faɗa masa. Ya kama haɓa. Ya ce, "Ni dai ba ruwana, ɗan nan. Ka san ubanka. Ni ƙanwa kawai na ba shi, ban ba shi wuyana ba." Na tsaya tsakanin layi da bishiya, maganar Baba tana kunnena, igiyar da ya ɗaure tana cin ƙuguna. Ban taɓa saɓa masa ba, ko a kan abin da bai kai wannan ba. Amma ɗan makiyayi ne ni. Na sha ganin saniya ta faɗi ba ta tashi, na ga yadda Baba da kansa yake kiran wuƙa da gaggawa, idonsa na hawaye hannunsa na aiki, don kada a yi asarar nama da fata gaba ɗaya. Ina tsaye inuwar bishiyar tana matsawa gabas, na ji Alhajin ya ce wa wani, "Goma a huɗu da rabi." Sai na tafi wurinsa.

Na ce, "A biyar ka ce mini."

Ya ce, "Ɗazu ke nan."

"Ɗazu ina nan tsaye, ban tafi ba. Kuma ba sabuwar naira nake so ba, sefa za ka ba ni."

Ya dube ni da kyau, ya rage murya. "Ashe ɗan Faranshi ne. To, ka taimake ni, sabuwar ta yi mini wuya. A biyar ɗin." Ya buɗe wani ɓangare na akwatin. Na ƙirga a gabansa, na sake ƙirgawa, bai hana ni ba. Lalitar da na zo da ita a kumbure na mayar da ita kamar macijin da ya kwana bai ci ba.

Na isa gida washegari da yamma. Baba yana zaure. Na kwance na ajiye a gabansa, na faɗi yadda aka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Ya baza takardun a kan buzu, ya ga sefa ce, ya ƙirga, ya tattara.

Ya ce, "Me na ce maka?"

Na ce, "Baba, saniya ce ta faɗi, na sa wuƙa."

Ya ce, "Saniyar wa?"

Gaskiyarsa ce, har yau kuma ban musa ba. Tun daga ranar ya daina yi mini magana kai tsaye. Bai zage ni ba, bai kore ni ba, sai dai in yana son abu ya ce wa Inna, "Ki ce wa wannan ya gyara rumfa." Muna cin tuwo a kwano ɗaya kamar baƙi a tasha. Baffa kuwa ya sami abin faɗa a majalisa, wai an aiki yaro da garke ya dawo da rabi, wa ya sani ma ko ɗaya rabin yana aljihun wani. Shi nasa kuɗin yana nan a ɗaki, yana jiran a buɗe iyaka ya je a karɓa da sannu da zuwa. Ba a buɗe ba. Da ya gaji ya bi ta gonaki ya je da kansa. Ya yi kwana biyu ya dawo, bai shiga majalisa ba. Bayan 'yan kwanaki na ga jikokinsa a ƙofar gida suna wasan kasuwa, suna sayen tuwon ƙasa da takardun da aka sayar da tumaki aka karɓa. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Mutumin nan bai sake miƙewa sosai ba har ya bar duniya. Baba ma ya ga yaran, ya wuce su ya shiga gida.

Ruwa ya makara. Da ya zo muka yi shuka, ta tsiro ta bushe, muka sake, ta sake bushewa. Rumbun da aka buɗe kafin lokaci ya fara nuna gindinsa tun ba a yi noman farko ba. Wata ranar kasuwar Dungas Baba ya ce wa Inna, "Ki ce masa ya ɗaura wa jaki akumari." Muka tafi yana gaba ina baya. Bai tsaya ko'ina ba sai kara, wurin shanu. Abin da muka gani a can ya fi ƙarfin baki. Makiyaya sun kwararo daga arewa da dabbobi ƙashi da fata, suna neman wanda zai karɓa ko a nawa. Rabin kuɗin da na kawo, a farashin ranar, zai iya mayar masa da garkensa har da ƙari. Ya tsaya gaban wata farar saniya mai dogon ƙaho, ya shafa wuyanta, ya buɗe bakinta ya duba haƙora. Dillali ya matso yana zuba.

"Malam, ka san dabba, ba sai an gaya maka ba. Wannan yunwa ce kawai, in ta ga ɗanyar ciyawa mako biyu ba za ka gane ta ba. Taya, Allah ya kawo ka a sa'a."

Baba ya ci gaba da duba ta. Hannunsa yana kan wuyan saniyar, bai juyo ba, ya ce, "Kai. Me ka gani?"

Sai da na waiga don in tabbata da ni yake. Na ce, "Baba, na ga babu ciyawa daga nan har inda waɗannan suka fito, in da akwai da ba su kawo su ba. Na kuma ga tiyar hatsi ta tashi tsakanin shigowarmu da yanzu."

Dillali ya ce, "Kai yaro, ana maganar manya..."

Baba ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe a tsaye, har saniyar ta juyo tana lasar hannun rigarsa. Sannan ya kwance lalita daga ƙugunsa, a gaban dillali da duk wanda ke wurin, ya miƙo mini.

Ya ce, "Ka ware na uwarka ka kai mata a hannu. Sauran ka auna."

Ya juya ya fita daga kara, bai sake waiwayar ta ba. Ranar na yi cinikin hatsi na farko a rayuwata. Sai da muka yi hayar amalanke. Hatsin nan shi ya riƙe gidanmu da gidan Baffa har wata kaka, a shekarar da garuruwa suka watse, aka bar gidaje da ƙofa a buɗe. Daga ɗan abin da ya ragu na fara saye da sayarwa, har na zama abin da na zama. Baba bai sake mallakar saniya ba. Ko da Allah ya buɗa mini na saya masa, cewa ya yi in bar su a hannun Fulani da sunana.

Da muka sauke buhunan a ranar, rana ta yi sanyi, sai na ji ƙarar dukan itace a bayan gida. Na zagaya na tarar da shi a tsohon garke, yana girgiza turakun da ya kafa ɗaya bayan ɗaya tun yana saurayi, yana tumɓuke su. Tun kaka suke nan tsaye yana share gindinsu kowace safiya. Na matsa in taya shi, ya ce in bari. Inna ta fito ta tsaya.

Ta ce, "Malam, ka bar ko guda biyu mana."

Ya tumɓuke na ƙarshe. Ya tattara su a ƙirji, ya kai bakin murhu ya zube. Itacen ƙirya ne, yana daɗewa yana ci. Da shi aka tuƙa mana tuwon farko na hatsin da na auno.